Rasuwar Fitilar da Ke Gane Murjani Mai Rai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Oddvar Hestnes, makanikin injin jirgin ruwa, nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu nutso da duk mutanen bakin gaɓa rasuwar fitilata mai shuɗin haske. Ta cika ranar Asabar da rana, a gindin dutsen Skarv, can ƙarƙashin teku, a hannun wanda ba mai ita ba.

Marigayiya ba fitilar neman hanya ba ce. Aikinta ɗaya ne. A ƙasan teku, inda ko da tsakar rana ba ka ganin tafin hannunka, in ta haska murjanin da ke manne a jikin dutsen, mai rai ya amsa da haske kore shar, matacce ya yi shiru. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, shaidar da ba zan yi wa mutane da yawa ba. Ba ta da surutu. "Ƙyas" in an kunna, "ƙyas" in an kashe, kuma na biyun ya fi muhimmanci. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma idona ya nuna mini in hasken ya daɗe, ƙananan halittun da ke gina murjanin kan tsuke baki su daina kamun abinci. Shi ya sa nake haskawa kaɗan in kashe.

Ciwon ajali ya fara lokacin zuwan baƙi masu yawon buɗe ido. Kun san al'adarmu: ba a kulle rumfar jiragen ƙungiya, abin da aka rataya a ciki na kowa ne. Torleif, ƙanin matata, ya riƙa ɗaukar fitilar daga can yana kai baƙi masu son hoto gindin dutsen. Sai ya kafa ta dab da murjanin har kowa ya gama ɗauka. Duk kun sani. Ba wanda ya gaya mini, domin a garin nan gara abu ya mutu da a ɓata wa maƙwabci shan kofi. Da na gane na tare shi, sai ya ce, "Haba Yaya Oddvar, dutse ne fa. Yaushe dutse ya fara ciwon ido?"

Ranar Asabar ya sake ɗaukarta. Ya canja batir, ya rufe bai shafa wa zoben robar bakinta mai ba. Ruwan gishiri ya shiga. An ce ta yi ƙifce, ta yi cuu kamar kifi a kasko, shi ke nan.

Ta bar caja, da rawayan tabarau da ake kallon haskenta da shi, da matata Gunnvor, wadda ta rasa wanda za ta ba haƙuri tsakanin miji da ƙani. Ta kuma bar murjanin. A nutsona na ƙarshe da ita, rabin murjanin da ke jikin dutsen bai amsa ba. Ko ɗumin ruwa ne, ko hasken ne, ban sani ba. Ɗaya rabin ko yana nan ko ya bi ɗan'uwansa, ita kaɗai za ta iya gaya mini.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ba za a jefa gawa a teku ba, abin da tekun ya sha ya isa. Zan kai ta wurin karɓar matattun batura da kaina. Akwai kofi da waina a rumfa, Torleif zai wanke kofuna.

Kada a kawo furanni, kada a yi karo-karo a sayo mini wata. Gara in mutu ban san halin da murjanin yake ciki ba, da in sake ba ku abin da za ku ƙarasa shi da shi. Mai son yi mini ta'aziyya ya bar dutsen Skarv a cikin duhunsa.