Farfesa da Wayar Rijiyar Unguwa

A shekarun da nake ba da tarihinsu, unguwarmu layi uku ce, da kwata a tsakiya, da rijiyar burtsatse ɗaya mai aiki da lantarki. Da wayar da ke kai wa injinta wuta ta ƙone, ruwa ya ɗauke, mata suka koma ɗebowa daga bayan gari. Jama'a suka haɗa hannu suka sayo sabuwar waya, suka danƙa ta ga shugaban kwamitin unguwa.

Adalci ne a faɗi girman wannan bawan Allah. Ya taɓa halartar taron masana na yini guda, ya dawo da katin shiga rataye a wuya, bai sake cire shi ba. Tun daga nan ake ce masa Farfesa, kuma saboda tawali'u bai taɓa musantawa ba.

Ranar da za a ɗaura wayar, ya hau benci, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, ku daina tunanin ƙasa! Duniyar nan maganaɗisu ce. Idan tauraron ɗan'adam ya ja doguwar waya da gudu a sararin samaniya, lantarki zai gudana a cikinta. Ni zan fara, manyan ƙasashe su biyo baya."

Na bincika, batun yana da tushe a wurin masana. Sai dai Farfesa ba shi da tauraro. Ƙanensa ne ke da babur.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, mu fa ruwa muke nema."

"Iya, ilimi ba aikin masu tulu ba ne."

Aka ɗaure wayar a bayan babur, aka maƙala ƙwan fitila a wutsiyarta, ƙane ya zagaya unguwa a guje. Wayar ta kwashe igiyoyin shanya, ta kifar da teburin mai kayan miya, ta tsittsinke a kan duwatsu. Ƙwan kuwa tun a kwanar farko ya fashe. Farfesa ya rantse ya ga walƙiya kafin fashewar, laifin babur ne da ya kasa gudun tauraro. Lallai dokin mai baki ya fi gudu.

Daga baya ya naɗa kansa shugaban kwamitin bincike, ya saurari kansa, ya wanke kansa tas.

Har yau ba a sayo wata wayar ba, injin bai tashi ba. Matarsa na cikin masu zuwa bayan gari da asuba, kuma da ruwan da ta ɗauko a ka yake wanka kafin ya fita jawabi.