Noman Surukai a Birmingham

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida iyayen budurwata Hauwa a Birmingham ba. Lokacin ina karatu a Manchester, ina zaune a unguwar Withington, kuma son lambunan Turawa ya riga ya shiga jinina. Da farko raina su nake yi (fili guda, ba masara ba kuɓewa, sai furanni?), amma a hankali na koma mai tsayawa bakin titi ina kallon tsofaffin gidajen jan bulo da shingayen da aka aske tsaf kamar kan ango. Abokai suka sa mini Sarkin Lambu, ni kuwa na amsa da ƙarfina.

A shekarun ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rage masu gyaran wuraren shaƙatawa, ciyawa ta samu sake ko'ina. Abin yana ƙona mini rai matuƙa.

Mahaifin Hauwa likita ne, mutum mai tsare gida, kuma har lokacin bai ce ya ba ni ita ba. Na isa yana wurin aiki. Hajiya, mahaifiyarta, ta ce in jira, ta shiga kicin. Da na leƙa bayan gida sai ga lambu tsaf-tsaf, in ban da wata kusurwa da dogayen ciyayi suka cinye. Na ce a raina, Allah sarki, aikin asibiti ya yi wa Baba yawa. A ƙauyenmu kuwa da noma saurayi yake sayen zuciyar suruki. Ga dama ta samu!

Na tuɓe babbar riga, na lalubo fartanya a ɗakin kaya, na duƙa. Wallahi ko a gonar kakana ban taɓa noma mai kyau irin wannan ba. Na share wurin tas.

Ina tsaye ina sharce gumi (ina jiran yabo fa) sai ga Baba. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Baba. Ai ba komai, gadonmu ne."

"Furannin daji ne, saboda ƙudan zuma na shuka su. Tun Hauwa tana sakandare nake lallaɓa su, sai bana suka kama ƙasa."

Hajiya ta saki salati. Hauwa tana bakin taga ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ƙasa za ta tsage, da na shige har da fartanyar. Na saddaƙar maganar aure ta mutu murus.

Can Baba ya nisa, ya ce, "Tunda ƙarfi ya yi maka yawa, kullum Asabar ka zo ka mayar da abin da ka cire. Ranar da suka yi fure, ka turo manyanka."

Ban taɓa yi wa shuka addu'a irin ta wannan shekarar ba. Yau muna da yara, amma har gobe in na doshi lambun sai Baba ya ɗaga murya: "Hauwa, ɓoye fartanya, ga Sarkin Noma nan!"

Ni dai tun daga ranar, ko a tsakiyar titi na ga ciyawa a ƙasar nan, sai na fara tambayar mai ita.