Tafarnuwa a Ƙirjin Sadiƙu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ɗana Sadiƙu asibiti a Birnin Gwari ba. Tun da sanyin haƙarƙari ya ɗauke ɗan maƙwabciyata a ƙauyenmu Kusasu, ko atishawa Sadiƙu ya yi sai na hau taɓa jikinsa. Ranar kuwa tari ne, ga majina, ga jiki da ɗumi.

Na daka tafarnuwa na kwaɓa da man zafi, na lafta masa a ƙirji, na ɗaure da tsumma. Na sa masa riga, na ƙara rigar sanyi da hula da safa, na naɗe shi da bargo (a tsakiyar bazara fa, kaji ma baki buɗe suke yawo). Muka hau mashin muka bi hanyar dajin nan da ba a bi sai dole.

Muna isa na ji jikinsa kamar garwashi. Na tsallake layi ina kuka: "Sista, namoniya ce, a yi masa allura!"

Sistar, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, ta karɓe shi ta fara warwarewa. Tana cirewa tana miƙo min, matan kan benci sun zuba ido. Tana kwance tsumman wari ya cika ɗakin.

"Maman yaro," in ji ta, "magani kika kawo shi ko gashi? Saura gishiri da yaji."

Wata tsohuwa ta ce a aika a sayo gurasa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Sista ta ce mu koma inuwa ya sha nono ya huce, don ba a gane numfashin yaro yana kuka. Na zauna na ba shi nono. Da ya yi shiru ta duba agogo tana ƙirga numfashinsa, tana kallon ƙasan haƙarƙari ko yana lotsawa. Bai lotsa ba. Zafin ma ya sauka.

"Mura ce. Irin wannan ƙwayar cutar, allura ba ta kashe ta. Ki ba shi nono, ki riƙa share masa hanci. In ya fara haki, ko ƙirjin na lotsawa, ko ya ƙi nono, ki dawo da gudu."

Maganin da muka koma gida da shi na shafawa ne, don tafarnuwata ta ƙona masa fata.

Don Allah 'yar'uwa, in ɗanki na tari, ɗaga rigarsa ki kalli ƙirjin kafin ki ɗora masa komai.