Ganyen Shayin Kakar Minh

A gidan hayarmu na ɗalibai da ke unguwar Madinat Nasr a Alƙahira, ni na naɗa kaina gwanin shayi. Abokin zamanmu Minh, ɗan Vietnam mai koyon Larabci, daga wani lardin duwatsu ya fito inda bishiyar shayi take girma har sai an hau ta a tsinko ganye. Kakarsa ce ta tsinko masa ƙulli guda kafin ta rasu. Ɗan kaɗan yake zubawa a ruwan zafi, ba sukari.

Ni kuwa gani nake bai iya ba ne. Ranar da muka yi baƙi 'yan Kano, na juye ƙullin kaf a tukunya, na antaya citta, kanumfari, madara da sukari, na bar shi yana ta tafasa.

Minh ya shigo, ya leƙa tukunyar. Na miƙa masa kofi ina washe baki: "Sha ka ji yadda ake shayi!"

Bai karɓa ba. "Ma'alish," wato ba komai, kawai ya ce, ya shige ɗaki.

Baƙin ma kurɓa ɗaya suka yi, ɗaci ya kore su. Har yau in na doshi kicin, sai wani ya ɗaga murya: "Kowa ya ɓoye gadonsa, ga gwani nan!"