Ranar da Na Ƙona Moton Kawu a Hanyar Jana'iza

Na manta sunayen rabin ɗaliban da na koyar, amma ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da aka maido ni aiki Illela ba. Ni malamin kimiyya ne a kolej (irin malaman nan da ke zana batir da ƙwan lantarki a allo, su ja layi tsakaninsu, su juyo suna kallon aji kamar su suka ƙirƙiro wutar). Kowa a gari "Mushe" yake ce mini, wato malamin boko a Faransancin bakin mutanenmu, kuma in faɗi gaskiya, sunan ya hau mini kai.

Kawu Hamidu ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙaramin aji a lakwal, wato makarantar boko, bayan rasuwar mahaifina. Yana da garkar albasa da kabeji a bayan gari, kullum da safe a moto, wato babur, yake zuwa. Sai dai sanyin ƙashi ya kama masa hannuwa. In ɗari ya shigo, yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, sai Inna Hadiza matarsa ta ɗumama ruwa ya tsoma su kafin ya iya matse birki. Wata safiya na gan shi yana ƙoƙarin jan carbi, ƙwayar tana kuɓuce masa, ya yi sauri ya tura hannun cikin riga don kada in lura. Abin ya tsaya mini a rai. Na faɗi wannan ne don a san niyyata mai kyau ce, domin ita kaɗai ce abin kirki da na yi a labarin nan.

Ran wata kasuwa na je Birnin Konni, a wajen masu kayan gwanjo na ci karo da wasu robobi biyu na hannun moto, kowace da waya a jikinta, da ɗan maɓalli mai hawa uku. Mai kayan bai ma san amfaninsu ba. Takardar da ke cikin kwalinsu da Faransanci take, na karanta a tsaye: robobi ne masu ɗumi, a haɗa su da batir, su gasa wa mai tuƙi hannu. Na saya ina jin kamar ni na ƙera su.

Na fara kai wa Sha'aibu, makanikin da ke gyara wa Kawu moto shekara da shekaru. Ya jujjuya su, ya lanƙwasa wayar, ya ce, "Mushe, wanga abu cin wuta gare shi. Sai an yi mishi fiyus nashi daban, kuma a bi da waya nesa da wuyan moto, don wurin kullum juyawa shikai. Ka bar min shi zuwa jibi."

Fiyus ɗan ƙaramin abu ne da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa, don kada wayoyi su ƙone. Na san haka. A satin ma na koyar da shi. Amma abin da kunnena ya ji shi ne wai mutumin da bai gama firamare ba yana yi mini darasi a gaban 'yan kabu-kabu. Na ce, "Malam Sha'aibu, wannan ai aikin minti goma ne." Ya dube ni, ya miƙo mini kayana, ya ce, "To, Allah shi bada sa'a."

Ran Lahadi na shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Kawu, na cire kujerar moto, na fito da filaya da salatif. Na ja waya daga batir, na bi da ita daidai wuyan moton, domin nan ne hanya mafi kusa, na ɗaure tam. Na kunna. Fiyus ɗin moto ya tsinke. Na sa wani. Shi ma ya tsinke. Maƙwabta biyu sun riga sun shigo kallo, Inna Hadiza kuma ta bar dakanta ta tsaya. Zufa ta karyo mini duk da sanyin da ake yi. Sai na juya musu baya, na feƙe guntuwar wayar jan ƙarfe mai kauri, na ninka ta biyu, na cusa a gurbin fiyus ɗin (malamin kimiyya ke nan, mai cire wa yara maki a kan wannan kuskuren). Na kunna. Cikin ɗan lokaci robobin suka yi ɗumi.

Kawu ya ɗora hannuwansa a kai. Can ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Idona har ya ciko.

Kwana tara abin yana aiki. Kawu ya daina jiran ruwan ɗumi. Bayan sallar asuba dattawan masallaci sukan kewaye moton, kowa ya taɓa, ya ce ikon Allah. Ni kuwa in an tambaye ni sai in ɗaga kafaɗa in ce, "Ai ilimi ne kawai." Na ma bi ta gaban rumfar Sha'aibu sau biyu ba tare da wani dalili ba.

A kwana na goma, muna fitowa daga masallaci, wayar Kawu ta yi ƙara. Malam Nomau ya rasu. Amininsa ne tun suna samari suna fataucin albasa tare, yana zaune a wani ƙauye bayan Badaguishiri. Duk danginmu sun san alkawarin da ke tsakaninsu: wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa wanka da hannunsa. 'Ya'yan mamacin suka ce sun san da wasiyyar, za su jira.

Labarin ya gigita Kawu, don haka ni na karɓi tuƙi, ya hau bayana. Don mu rage nisa muka bar babbar hanya muka bi ta cikin gonakin da aka girbe, hanya mai yashi da kwana-kwana, sai juya kan moto nake yi dama da hagu. Iska tana yanka mini yatsu. Na miƙa babban yatsa na tura maɓallin nan zuwa hawa na uku. Abin da aka sayo don hannun tsoho, ga shi yana gasa nawa, shi kuwa nasa suna cikin hammata.

Wari na fara ji, irin na robar da aka jefa a murhu. Sai hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin tanki. Kaina bai kawo komai ba sai kalma ɗaya: mai. Ban taka birki ba, ban ce "Kawu sauka" ba. Tsalle na yi na bar moton, na zuba da gudu cikin kararen gero har takalmina ɗaya ya fita. Sai da na yi nisa na tuna ba ni kaɗai ba ne.

Da na waiwaya, moton yana kwance, Kawu ya ja ƙafarsa daga ƙarƙashi, ya durƙusa yana tura yashi da bayan hannuwansa yana zubawa a kan wayoyin, domin yatsun ba su iya damƙa. Shi kaɗai ya kashe wutar. Na dawo ina ɗingishi, na tsaya a kansa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Buga mu gani."

Na buga kik har ƙafata ta gaji. Wayoyin duk sun narke sun manne da juna. Wuyan moton ya goge rigar wayar da na ɗaure masa, ta taɓa ƙarfe, kuma babu fiyus da zai tsinke. Ina kallon wurin na gane komai, kamar an rubuta mini a allo.

Muka fara turawa. Babu mota, babu moto, babu kowa sai wasu awaki. Rana ta ɗaga, hantsi ya yi. A kan wani tudu wayar Kawu ta samu sabis, sai ga kiran babban ɗan mamacin. Ina jin muryarsa: mutane sun taru, an gama haƙa kabari, ina muke? Kawu ya tambaye ni da ido. Na sunkuyar da kai. Ya daɗe riƙe da wayar, sannan ya ce, "Sani, kada ku riƙe shi sabili da ni. Ku yi mishi wanka, ku kai shi. Haƙƙinshi ya fi alkawarina." Ya kashe wayar, ya zauna a kan yashi, ya fuskanci gabas. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ba ya sharewa, ba ya ɓoyewa.

Wani mai amalanken jaki ne ya kwashe mu, mu da moton. Haka muka shiga ƙauyen, mutane suna dawowa daga maƙabarta, mu muna saman amalanke, ni da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, igiyarsa ta tsinke.

A wurin zaman makoki aka ba Kawu wuri kusa da liman. Bayan an yi addu'a, Sani ya dube ni ya ce, "Kai ne Mushen da ya yi moto mai ɗumin hannu? Baba ya ji labari. Ko shekaranjiya sai da ya ce in Malam Hamidu ya zo, sai ya taɓa ya ji." Ba da gatse ya faɗa ba, yabo ne tsakani da Allah. Wani dattijo ya ce, "To mi ya same ku a hanya?"

Kawu ya ce, "Moto ne ya tsufa, kamar mai shi. Ƙaddara ce."

Kowa ya ce Allah ya kyauta. Ni kuma na yi shiru. Gudun da na yi a gona tsoro ne, ana iya yi mini uzuri. Amma wannan shirun da hankalina na yi shi, ina zaune a kan tabarmar makoki, na bar tsoho ya ɗauki laifina a gaban mutane, har ina gyaɗa kai. Shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta buɗe.

Da la'asar Kawu ya ce in raka shi kabarin. Ya tsuguna ya dafa ƙasar, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, na ce, "Kawu, ba tsufan moto ba ne. Ni ne. Waya na sa a wurin fiyus."

Ya ce, "Na sani. Ina zaune bakin ɗaki sadda ka juya muna baya."

Na ce, "Me ya sa ba ka hana ni ba?"

Ya ce, "Maƙwabta na tsaye. Ban so in kunyata ka ba. Kai ka ji kunyar tambaya, ni na ji kunyar hanawa, shi kuma ga shi nan wasu sunka yi mishi wanka." Ya miƙo mini hannu in tashe shi. "Ka roƙa mishi gafara, ya fi maka wanga kuka."

Washegari na kai wa Sha'aibu moton. Na shirya jin magana, na ma so ya yi ta. Ya zaro guntuwar wayar da bakin filaya, ya duba, ya jefa cikin gwangwanin tarkace, ya ce, "Allah shi jiƙan Malam Nomau." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kawu ya yi makonni ba ya yawan magana. Ranar sadakar arba'in muka koma ƙauyen, wannan karon a motar haya. A hanya wata tsohuwa ta yi ta fama da 'yar rediyonta da ta ƙi kamawa. Direba ya hango ni ta madubi ya ce, "Hajiya, miƙa wa Mushe can, malamin kimiyya ne, yanzu ya gyara miki." Ta miƙo mini. Duk motar aka zuba mini ido. Na karɓa, na jujjuya ta, na ji tsohon halin nan yana motsi a ƙirjina. Sai na mayar mata da hannu biyu na ce, "Inna, ban sani ba. In mun isa kasuwa a kai wa mai gyara."

Kawu ya juya fuska wajen taga, kafaɗunsa suna girgiza. Na ɗauka kuka ne ya dawo. Ashe dariya yake yi, ta farko tun rasuwar.

Na yi shekaru ina karatu, na tara takardun shaida, amma "ban sani ba" sai da na ƙona moto, na hana tsoho cika alkawari, kafin bakina ya iya furta ta. Yanzu nakan faɗe ta ko sau uku a rana, har a gaban aji, kuma har yau ba a kore ni daga aiki ba.