Ramin Layinmu Ya Zama Tauraro

Da safiyar yau na faɗa ramin layinmu, ni da babur da katunan bikin 'yata Wulan. Kafin in tofar da taɓon da ya cika mini baki, maƙwabta sun kewaye ni. Ba wanda ya miƙo hannu, sai ɗaukata bidiyo suke da waya.

"Pak Sarwo," in ji Darmaji mai sayar da bakso, wato romon ƙwallon nama, "faɗi gaskiya tun da sauran numfashinka. Gonar wa ka cinye?"

Ga wanda ba ya kallon talabijin, ga yadda abin yake. Shekara tara muna kai kuka a kan ramin nan. Bara sai masu shirya wasan "Hawayen Gidan Gado" suka gano shi. Kun san wasan: ɗa ya kori uwarsa, suruka tana barbaɗa wa mijin 'yarta guba a shayi, kawu ya sayar da gidan marayu yana sharar hawaye. To, duk mugun da kwanansa ya ƙare, a raminmu ake ɗaukar ƙarshensa. Ko motarsa ta wuntsila, ko makararsa ta suɓuce. Mugaye goma sha ɗaya ya haɗiye. Ni ne na sha biyu.

Abin bai zo da wasa ba, domin ranar Asabar za mu kafa rumfar biki a layin, kuma uwar ango, Bu Retno, ba ta taɓa tsallake kashi ɗaya na wasan ba. Ta rantse ƙafarta ba za ta kusanci ramin ba, kuma ɗanta ba ya aure in ba ta wurin.

Na yi wanka na nufi ofishin Mai Girma Uban Ayyuka, mai kula da titunan garinmu, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Awa biyu na jira, ma'aikata suna kallon maimaicin kashin jiya.

"Wane rami?" in ji Mai Girma. "A takardunmu sau uku aka cike shi."

Na nuna masa hoto a waya. Sai ya miƙe tsaye.

"Kai! Ba nan ne Tante Mirna ta faɗa ba, wadda ta musanya jarirai? Ku zo ku gani!"

"Ranka ya daɗe, yashi nake roƙo, ko mota ɗaya."

"Yashi? Pak, ramin nan yana koya wa matasanmu tarbiyya a kyauta. Allo za mu kafa masa."

"To in cike da kaina?"

"Sai ka amsa laifin lalata kayan tarihi."

Da na koma gida, na tarar da matata Warsih tana shanya katuna a igiya.

"Bu Retno ta bugo," ta ce. "Ta ga bidiyon faɗuwarka. Tana tambaya ko mahaifiyarka tana raye, kuma a wane ɗaki take kwana."

Ana la'asar sai ga takarda daga ofis. Mai Girma da kansa zai zo buɗe allon ranar Asabar, kuma don kada takalminsa ya ɓaci, za a rufe ramin da katako, a shimfiɗa jar darduma, na yini ɗaya. Warsih ta buga wa Bu Retno waya, ita kuwa ta amince, tunda ba za ta ga ramin da idonta ba.

Kun ga gwamnati mai tausayi ke nan. 'Yata za ta yi aure a kan jar darduma.

Sai dai na ji cewa kwangilar katakon ƙanin matar Mai Girma aka bai wa. Don haka na roƙi baƙi kowa ya dakata, a bar Mai Girma ya fara takawa. Girma ai nasa ne.