Farfesun Jauro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa zaki farfesu ba. Na so in manta, amma ƙanin mijina Sale yana nan da ransa, kuma muddin yana da baki zancen ba zai kwanta ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mahauci ne a nan Garuwa. (Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana raye ba, ba yanzu zan fara ba.) Ban da teburinsa na kasuwa, shi ne mai kai nama gidan namun daji. Daga kwata zai ɗaure cinya da haƙarƙari a bayan moto, wato babur, ya kai wa masu ci ɗanye. A cikinsu akwai wani tsohon zaki da ake kira Jauro. Tun yana ɗan ƙarami aka ƙwato shi daga hannun wasu da suka kashe uwarsa, suna shirin tsallakar da shi iyaka su sayar. Da yake a hannun mutane ya girma, bai iya farauta ba, mayar da shi daji kuwa kisa ne. Sai aka ci gaba da riƙonsa a nan.

Ni ban taɓa ganin Jauro ba, amma na san shi kamar maƙwabci. Kusan kullum sai na ji labarinsa a kan tabarmar cin abinci. Yau ya yi fushi an makara. Yau tun daga bakin ƙofa ya gane ƙarar moto ya miƙe.

Wanda ya taɓa yin rashi ya san yadda abin yake. Da farko gida cike, ba wurin sa ƙafa. Sai a fara raguwa. Lokacin da na fita takaba, kowa ya koma harkarsa, kuma ban ga laifin kowa ba. Amma na kan zauna in ji kamar ni kaɗai ce na rage a duniya da nake kewar mutumin nan. Abin da nake nema ba shi da yawa: in sami ko mutum ɗaya da abin yake ci kamar yadda yake cina.

Ana nan sai Sale, wanda ya karɓi aikin kai naman, ya shigo wata rana da yamma. Yana shan ruwa ya ce, "Matar Yaya, kin san mutumin Yaya ya ƙi abinci? In na kai sai ya shinshina ya juya baya. Duk ya rame."

Daga nan ya wuce zancen tsadar shanu. Ni kuwa ban ƙara jin komai ba. A raina na ce, ashe akwai wanda bai manta ba.

To, mu a gidanmu ba a zuwa dubiya hannu sake, kuma wanda bakinsa ya ƙi abinci farfesu ake yi masa. Washegari ban gaya wa kowa ba, na ɗora tukunya. Jelar sa na samu mai kyau, na sa citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa da albasa, na daka daddawa, na jefa attarugu. Na bar shi a wuta har naman ya saki ƙashi. Gishiri ne kawai na rage, saboda tsoho ne. (Ku dubi irin hankalina. Na tuna da hawan jininsa, ban tuna zaki ba ne.)

Na zuba a kula, na yafa mayafina na fita unguwa, na tare mai moto.

"Hajiya, asibiti?" in ji shi, da ya ga kular.

Na ce, "Gidan namun daji. Dubiya za ni."

Ya kalle ni ta madubi, ya ja moto muka tafi. Yaron yana da tarbiyya.

Da hantsi ne, ba mutane sosai. Na wuce birai da jimina da wani kada da ya buɗe baki yana shan rana, har aka nuna mini kejin Jauro. Yana kwance, ya ɗora kai a kan ƙafafunsa, ƙasusuwan bayansa duk a waje. Gefen fuskarsa ɗaya ya kumbura. Ina ganin kumburin na ce, Allah sarki, kuka ya sha.

Akwai wani ɗan shingen ƙarfe a gaban kejin, wanda aka yi don kada mutane su matsa. Ni na ɗauka don baƙi aka yi shi, ni kuwa ta gida ce. Na tattare zanina, da shekaruna da komai, na tsallake. Na durƙusa kamar yadda ake durƙusa wa babba, na yi sallama.

"Ina kwana, Jauro? Ya jiki? Ni ce matarsa." Na gyara durƙuso. "Ya muka ji da haƙuri? Sai haƙuri, Jauro. Kowa lokacinsa yake jira. Ka daure ka sa wani abu a cikinka."

Na buɗe kula. Turiri ya tashi ya nufe shi. Ya ɗaga kai, ya buɗe hanci, sai ya saki wata atishawa da ta girgiza ƙarafan kejin. Na ce, "Yauwa, alhamdulillahi, ya fara saki."

Sai na ji usur a bayana, da wata murya tana ihu da Faransanci.

Na waiga. Likitar dabbobi ce, wata matashiya 'yar kudu, da farar riga. Bayanta ɗalibai masu koyon kula da namun daji, cikin koren kaki, aji guda, kowa da biro a hannu. Daga baya na ji cewa tun daga "ina kwana" suke tsaye.

Ta kamo hannuna ta jawo ni baya da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Da ta tabbatar na tsallako, sai ta nuna kular, ta haɗa 'yar Hausar da take da ita.

"Mama, wannan mene ne?"

"Farfesu ne, 'yata."

"Na wa?"

"Na mara lafiya."

Waɗanda suke jin Hausa suka fara. Ɗaya ya juya ya mayar wa na kusa da shi da Fulatanci, su ma suka kama. Sannan aka mayar wa sauran da Faransanci, har da gaisuwar haƙurin, ba a rage komai ba. Ina tsaye da murfin kula a hannu, aka yi mini dariya da harshe uku, bi da bi. Wani dogo ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban ɗauki takalmina ba.

Likitar ta tsawatar musu, duk da ita ma leɓenta na rawa. Ta sa wata ɗaliba ta fassara mini a hankali. Ta ce albasa da tafarnuwa cuta ne a cikin zaki, kuma cikinsa ɗanye ya sani, da ƙashi da fata da gashi. Ta ce da na miƙa hannu, ba kular zai ɗauka ba. Abin da ke damunsa kuwa haƙori ne ya karye ya yi ruwa, kuma a ranar za su sa shi barci su cire, shi ya sa ɗaliban suka zo kallo.

Na san ya kamata in yi shiru in tafi. Amma sai na ji bakina yana cewa, "To, ba kewa ba ce? Mai kawo masa nama ne ya rasu."

Ɗalibar ta fassara. Dariyar ta tsaya. Likitar ta daɗe tana kallona, na ga tana neman abin da za ta faɗa wanda ba ƙarya ba. Ta ce, "Haƙori ne, Mama. Yi haƙuri."

Wannan ya fi dariyar ciwo, ba zan ɓoye ba.

Na rufe kulata na juya. Ban yi nisa ba wani tsoho mai tsintsiya ya tare ni a gindin bishiyar dogon yaro. Ya ce sunansa Baba Hamadu, shi ne mai wanke kejin Jauro tun zuwansa.

"Ke ce iyalin Malam?" ya ce. "Kawo nan, kada ki koma da shi. Kunyar ta yi yawa."

Ya zauna a kan benci, ya yi bismilla, ya fara sha. Can ya ce kullum in maigidana ya sauke nama, a kan bencin nan suke zama su sha shayi, maigidana ya zolaye shi, ya ce shi da Jauro ba a san wanda ya fi tsufa ba. Ya ce tun da ya rasu bai ƙara dafa shayin safe ba, don ba ya shiga.

Ya goge ido da bakin rigarsa, ya ce wai attarugu ne. Sannan ya buɗe baki ya nuna mini dasashi, kusan fayau.

"Ni dai nawa ba haƙori ba ne, Hajiya. Kin gani, ba ni da su."

Na yi dariya, ta farko tun rasuwar, kuma ba ita kaɗai ta fito ba, har da hawaye.

An cire wa Jauro haƙorin, ya warke, ya koma cin cinyarsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Sale kuwa tun a ranar, kafin la'asar, labari ya kai gare shi. Har yau in ya shigo sai ya ce, "Matar Yaya, kadan gidan namun daji na mura, ko za a dama masa kunun tsamiya?"

Baba Hamadu yana samun kularsa duk Juma'a, Sale ne mai kai masa, yana gunaguni. Abin da na koya shi ne, in za ki kai gaisuwar haƙuri gidan da ba ki sani ba, ki tsaya a bakin ƙofa ki tambayi wanda aka yi wa rashin, kafin ki tattare zani ki tsallake shinge.